Inda Aka San Tarinta

Chiayi, Litinin, watan Agusta 1991

Yaya Bilian,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigida da tulin littattafanki. Ya Taipei? Ya kunnen? Na so in buga miki waya, sai na tuna wancan karon da na yi ta ƙwala ihu a ofishin sistoci har marasa lafiya suka farka, ke kuwa ko rabin maganata ba ki ji ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Malama Liao ce ba lafiya. Tana ɗakin da nake aiki, a gadon bakin taga. Ranar Laraba aka kawo ta daga gidan tsofaffi, jini ya zuba mata a ƙwaƙwalwa, ɓarin dama ya shanye. Da ganin fuskar na gane ta. Yaya, ta ƙanƙance kamar 'yar firamare. Matar da in ta tsaya a bakin aji sai ta tare mana hasken ƙofa! Amma gashin nan yana nan a ɗaure tamau, kuma da ta gane ni abin da ta fara kallo farcena ne. Sai da na ɓoye hannu a baya, ni mai jikoki.

Bakinta ya karkace, amma maganar tana fita kaɗan-kaɗan. Ta ce, "A-tao, har yanzu kina barci ranar Asabar?" Na yi dariya har da hawaye. Kin tuna darasin falsafar jinya, bayan mun ƙoshi da kunun shinkafa da dankali, fankar nan tana ƙugi a sama, ita kuma tana rubuta kalmominta huɗu a allo? Ke kina gaba kina rubutu kamar za a ƙwace miki littafin, ni ina baya ina ɓare 'ya'yan kankana a ƙarƙashin tebur, har barci ya kwashe ni.

Daga nan ta kama hannuna da na hagunta mai lafiya, ta ce, "Ki kai ni gida." Na ce, "To, Malama, zan kai ki." Ban tsaya tambayar komai ba. Washegari numfashi ya gagara, aka sa mata bututu aka jona ta da inji, magana ta ƙare. Likita ya ce kwanaki ne, kuma ba masu yawa ba.

Ni kai mutum gida da sauran numfashinsa ba baƙon aiki ba ne a wurina. Na raka mutane ba adadi a motar asibiti, ina matsa jakar iska da hannuna, 'ya'yansu suna kira a kowace gada, "Baba, za mu haye gada, ka biyo mu," don kada ransa ya ɓata a hanya. A kwantar da shi a ɗakin tsakiya gaban allunan sunayen kakanni, a ce masa an iso gida, sannan in zare bututu. Malama ce ma ta koya min yadda ake matsa jakar a kan hanya mai gargada.

To amma ita wane gida? Rukunin gidajen malamai an rushe shi tuntuni. Gidan tsofaffi sun ce su ba sa karɓar mai shirin mutuwa. Makarantarmu ma an rufe, ta zama sito na tsofaffin gadaje, wai bayan damina za a rushe ta. Saura gidan ubanta a ƙauye, hayin kogi. Ɗan wanta Tiansi ya zo dubiya, na ja shi gefe na yi masa maganar. Ya yi ta juya hular kwanonsa a hannu, ya kasa kallona. Ya ce, "Sista, kin san Gwaggo ba ta yi aure ba. Mace mara miji ba a kwantar da ita a ɗakin tsakiya. Tsohuwata ba za ta yarda ba."

Na yi alkawari, Yaya, kuma ban san inda zan kai ta ba. Ke ce mai digiri, ke kike koyar da abin da ta koyar. Ki gaya min abin yi, kuma ki yi sauri.

Ki gaida maigida. Ni ce ƙanwarki,
Chuntao

Taipei, Laraba

Ƙanwata A-tao,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali, wasiƙarki ta iso ni jiya da rana a ofis. Na karanta na rufe ƙofa, ban iya shiga aji ba sai da na wanke fuska. Kunnen yana nan yadda kika san shi, na hagun ma ya fara bin ɗan'uwansa.

Na tuna Asabar ɗin nan sarai. Mutum, lafiya, muhalli, jinya. Ta rubuta su ta juyo ta ce, "Mene ne mutum?" Duk muka sunkuyar da kai, sai ke kika farka kika ce, "Abin da ake juyawa kada bayansa ya ruɓe." Aji ya fashe da dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Wannan rabi ne, kuma rabi mai kyau. Saura ki nemo ɗaya rabin." Ba ki sani ba, har yau da amsar nan taki nake buɗe darasina na farko kowace shekara. Ba na faɗar sunanki, kada ki ji tsoro.

Yanzu ga ra'ayina, kuma na san ba zai yi miki daɗi ba. Ki bar ta inda take. Kin san na yi rubutu a kan wannan al'ada ta kai mutum gida. Na zauna da iyalai da yawa da nas-nas da yawa kafin in rubuta. Ana ɗaga mutum yana cikin wahala, a girgiza shi a hanya cikin zafi, sau tari ransa ya fita tun kafin a fita gari, a ci gaba da matsa jaka don dangi su ce ya iso da rai. Wa aka yi wa wannan tafiya? A ganina masu rai ne. Abin da muke koyarwa shi ne jin daɗin mara lafiya yana gaba da komai. Malama tana da gado mai tsabta, ga taga, ga ki. Ki jiƙa mata leɓe, ki riƙe hannunta, ki bar ta ta tafi a hankali. Alkawarin da aka yi a bakin gado don a kwantar wa mutum hankali, ba wanda zai kama ki da shi.

Duk da haka na rubuta wa Tiansi, don kada a ce ba a gwada ba. Na tuna shi yana yaro, Malama takan zo da shi bikin sa mana hular nas.

Ɗalibaina na ƙarshe suna kare bincikensu wannan makon, ba dama in motsa. Na sayi tikitin jirgin ƙasa na Lahadi. Ki gaya mata a kunne ina tafe. Ki riƙa cin abinci, na san halinki in kin sa abu a rai.

Taki,
Bilian

Chiayi, Juma'a

Yaya Bilian,

Gaisuwa, amma a taƙaice, don raina a ɓace yake.

Haba Farfesa! Wai ba wanda zai kama ni da shi? Ita za ta kama ni. Kin manta ranar da ta tsayar da Suqin 'yar ajinmu a gaban kowa don ta ce wa wani tsoho allura ba zafi? "Kada ki yi wa wanda ke kwance ƙarya, domin ba shi da ƙafar da zai tashi ya bincika." Ni da nake barci ma na ji wannan, ke da kike rubutawa ina kika ajiye shi?

Duk abin da kika faɗa game da hanya gaskiya ne, ba sai kin koya min ba. Ni ce a cikin motar, ni nake jin lokacin da jiki ya saki a ƙarƙashin hannuna, alhali ɗa yana can yana kiran gada. Na sani. Amma nan ba dangi ne suka roƙa ba, dangin ma gudu suke yi. Ita ce ta roƙa da bakinta, da hankalinta, kuma ta fi ni da ke sanin yadda motar nan take girgiza mutum. Yaushe rabonki da ki ɗauki tasar fitsari, Yaya? Falsafar taku ita ma kunnenta ya toshe ne, ba ta jin abin da mara lafiya ya faɗa?

Ki yi haƙuri da maganar kunne, ta fita ne kawai. Ba zan goge ba don ba ni da wata takardar.

Tana buɗe idon hagu wani lokaci. Da safe ina yi mata wanka sai ta zuba min shi, ba ƙiftawa. Na ce, "Malama, ina sane, ban manta ba." Sai ta rufe. Na taje mata gashi na ɗaure yadda take so, ya ƙi zama sai a karo na uku, hannuna bai kai nata ba. Ƙafafunta sun fara sanyi, fitsari ya ragu. Kin san abin da wannan yake nufi.

Har na ce zan kai ta gidana. Surukata ta ce in baƙuwa ta mutu mata a ɗaki to ita za ta fita ta bar mana gidan. Ban ja da ita ba, don ko na kai ta can, da wane baki zan ce mata, "Malama, mun iso gida"? Ba ta taɓa taka ƙofata ba.

Rediyo na cewa guguwa na tafe daga teku. In za ki zo ki zo.

Chuntao

Ƙauyen Liao, hayin kogi, Juma'a

Zuwa ga Farfesa Kuo Bilian, cikin girmamawa,

Ina miƙa gaisuwa tare da fatan Farfesa tana cikin ƙoshin lafiya. Na karɓi wasiƙarki, na gode da kika tuna da ni. Ni manomin rake ne, ban iya tsara magana ba, a gafarce ni.

Ba ƙin Gwaggo muke yi ba. Lokacin da mahaifina zai rasu, ita ta rako shi daga asibiti, ta matsa masa iska da hannunta tun daga gari har ɗakin tsakiya, hannun ya kumbura, ta yi kwanaki ba ta iya riƙe sandunan cin abinci. Ban manta ba. Amma mahaifiyata ta tsufa ƙwarai, kuma ta ce tun kakanni ba a taɓa kwantar da 'yar da ba ta yi aure ba a gaban allunan, in aka yi gidan ba zai zauna lafiya ba. Matar ɗana tana da ciki, haihuwa ta kusa. Na yi magana har sau biyu, tsohuwa ta daina cin abinci. Dattawan dangi suna bayanta.

Abin da zan iya shi ne ɗakin gefe inda muke ajiye taki da kayan noma. Zan share shi in sa gado. Na san bai dace da ita ba, ina rubutawa ina jin kunya. Gaskiya kuma Gwaggo ta bar gidan nan tun tana budurwa, in ta zo bikin sabuwar shekara ma ba ta kwana. Yaran gidan ba su san ta sosai ba.

Duk inda aka yanke za a kai ta, ina roƙo a sanar da ni. Dole a sami na jininta a motar da zai kira ta a gada. Wannan kam ba wanda zai hana ni.

Mai biyayya gare ki,
Liao Tiansi

Taipei, Asabar

A-tao,

Ina gaisuwa. Na aiko wannan da saƙon gaggawa, na haɗa miki da amsar Tiansi, ki karanta. Maganar kunne kuma na yafe, sai dai ki sani maigida ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Kin yi gaskiya a abu ɗaya, kuma shi ne babba. Na fara da abin da na sani game da mutane da yawa, alhali darasin ya ce a fara da mutum ɗaya da ke gabanka. Don haka na ɗauki takarda na rubuta kalmominta huɗu, na bi su yadda ta koya mana. Mutum: ta faɗi abin da take so. Lafiya: ba mai dawowa ba ce, abin da ya rage mata na lafiya shi ne ta tafi hankalinta kwance. Jinya: ke ce, kuma ba ta da wadda ta fi ki. Saura muhalli. A nan muka maƙale ni da ke, domin duk mun ɗauka gida yana nufin gidan Liao. Ita ba ta ce haka ba.

Kin tuna ranar da ta yi mana darasin muhalli? Ba a aji ta yi shi ba. Ta kwashe mu zuwa ɗakin koyon aiki, ta sa aka sauke Inna Chen, 'yar tsanar nan da muka huda wa ɗuwawu da allura har auduga ta fito, ta ce kowa ta hau gadon ta kwanta bi da bi. Ina kwance ina kallon silin ta ce, "Ina kike?" Na ce a gado. Ta ce, "Ina kike?" Na ce a ɗakin koyon aiki. Ta ce, "Wannan adireshi ne, na masu kai wasiƙa." Sannan ta ce mu yi shiru mu saurara. Wani ya yi tari a waje, ta ce, "Na wa ne?" Ba wadda ta sani. Ta ce, "To a wurinku wannan mutumin baƙo ne, ko da a nan aka haife shi. Mara lafiya yana gida ne in yana inda za a ji tarinsa daga bayan bango a san nasa ne. Aikinku shi ne ku mai da kowane ɗaki ya zama haka." Shekara da shekaru ina karanta littattafan Turawa a kan muhalli, ban ga wanda ya faɗe shi ya fi wannan ba.

Yanzu ki gaya min, A-tao, a duk tsibirin nan ina aka san tarin Malama Liao? Guda biyu gajeru, sai gyaran murya, tun daga ƙasan bene. Wa ke ɓoye 'ya'yan kankana in ta ji shi?

Ginin yana tsaye, kin ce sai bayan damina. Daga asibiti gada ɗaya ce tal, hanyar kuma kwalta ce, ba za ta sha wahalar da nake tsoro ba. Na san Babbar Sista za ta ce doka ta ce gida, ba sito ba. Kada ki yi mata ihu yadda kika saba. Ki bi mata kalmomin huɗu ɗaya bayan ɗaya, ki ce shirin jinya ne, don kuwa shi ne. Ita ma ɗalibar Malama ce, ko da ta zo bayanmu.

Na sa wata ɗalibata mai kunne tana ta buga wa 'yan ajinmu waya. Suqin ta ce za ta zo da tsintsiya. Ni gobe ina hanya, in guguwa ta bar jirgi ya tashi. Ku jira ni in za a iya, in ba za a iya ba kada ku jira.

Yayarki,
Bilian

Chiayi, Laraba

Yaya Bilian,

Gaisuwa da ta'aziyya, ni da ke duka. Na san saƙon rasuwar ya same ki ta bakin ɗalibarki, kuma na san ruwa ya cinye layin dogo kin kwana biyu kina zarya tasha. Kada ki sa wa kanki damuwa. Ba a iya jira ba. Bari in ba ki labarin yadda aka yi, tun ban manta komai ba.

Wasiƙarki ta zo Lahadi da safe ana tsakiyar ruwa. Na karanta a tsaye, na ce, "Kai, ni Chuntao, ina hankalina ya tafi?" Na wuce ofishin Babbar Sista. Ta ce, "Sista Yeh, kin haukace? Mara lafiya a sito?" Sai ga ni, ni da na ci sifili a falsafa, ina lissafa mata da yatsu: mutum, lafiya, muhalli, jinya. Da kin ga bakina da kin ba ni digiri. Ina kaiwa kan maganar tari ta cire tabarau. Can ta ce, "Biyu gajeru." Na ce, "Sai gyaran murya." Ita da kanta ta je wurin likita, ita ta karɓo mabuɗin.

Litinin ruwa ya ɗauke, jinin Malama kuma ya fara sauka. Na ce yau ne. Na aika aka kira Tiansi, ya zo a babur jiƙe sharkaf har gwiwa, da reshen longan mai 'ya'ya masu zaƙi daga bishiyar gidansu, wai tana son su tun tana yarinya. Na sunkuya na ce mata, "Malama, za mu tafi." Ba ta buɗe ido ba, amma jijiyar wuyanta tana bugawa, na tabbatar da yatsana kafin mu ɗaga ta.

Na cire ta daga inji na kama jaka. Direba ya tafi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Hanya duk rassan itace da kwanon rufi, rake ya kwanta a gonaki. Da muka zo gada kogi ya cika ya yi ja, Tiansi ya sa baki a kunnenta ya ce, "Gwaggo, za mu haye gada, ki biyo mu." Ya faɗa da ƙarfi yadda ake so.

Yaya, ba ki ga makaranta ba. Fenti ya ɓare, ciyawa ta kai ƙugu, bishiyar mangwaron da muke shanya huluna a ƙarƙashinta guguwa ta karya mata reshe. Amma matan nan sun riga mu. Suqin, Yuezhi da sandarta, tagwayen garin Pingtung da ba su daina faɗa ba har yau, da wasu 'yan baya da ban san su ba. Duk furfura, duk an yi ƙiba. Sun fitar da tsofaffin gadaje baranda, sun wanke ɗakin koyon aiki tas. Gadon nan yana nan! Har Inna Chen suka tono a ƙarƙashin katifu, hannu ɗaya babu, suka zaunar da ita a kujera. Wata ta rubuta kalmomin huɗu a allo.

A bakin ƙofa muka tsaya. Nan ne ake cewa an iso gida, kuma na jini ne ke faɗa. Na kalli Tiansi. Ya kalli bangon da ruwa ya ci, ya kalli gadajen da aka jibge. Ya ce min a hankali, "Sista, ba zan iya yi mata ƙarya ba." Na ci gaba da matsa jaka. Muka shige da ita haka.

Muka kwantar da ita, ƙafafu wajen ƙofa. Kin san halin matanmu, an daɗe ba a haɗu ba. Da farko an yi tsit, sai aka fara raɗa, wannan tana kuka, waccan tana tambayar jikokin waccan, tagwaye suna gardamar wa ya bar bokiti a hanya. Suqin uwar kwaɗayi har ta tsinki longan ɗin Tiansi tana ɓarewa a gefe. Ɗakin ya koma yadda yake kafin a shigo darasi. Na goge wa Malama fuska, na gyara gashin, na ce, "Malama, zan zare miki bututu." Na saki jaka, na zare a hankali.

Sai ta yi tari. Biyu, gajeru.

Na san abin da littafi ya ce, maƙogwaro ne ke yin haka in an zare bututu, na gani sau ba adadi. Amma Yaya, ɗakin nan gaba ɗaya ya miƙe tsaye. Ba wadda ta yi shawara da wata. Yuezhi ta tashi ba sanda. Tagwaye suka haɗiye maganarsu. Babbar Sista ta kai hannu tana gyara hular da ta daina sawa tun bara. Suqin kuwa, mace mai shekara sittin, ta ɓoye longan a bayanta.

Tiansi ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sai ya durƙusa a gefen gado ya kama hannunta ya ce, "Gwaggo, mun iso gida." Ya sake faɗa, ya fi na farko ƙarfi.

Ta yi numfashi da kanta na ɗan lokaci, muna tsaye a kanta, ba wadda ta zauna. Gyaran muryar dai ba ta zo ba, mun yi ta jira. Ni na rufe mata ido.

Ina kewarta, Yaya, har ƙirjina ciwo yake. Ina kewar Asabar ɗin nan da na yi ta barci. Za a ƙona gawar ranar Talata mai zuwa, an ce kafin nan an gyara layin dogo. Ki sauka a gidana, zan saya miki shinkafa da talo-talo a wurin tsohon nan na bakin tasha, ɗansa ne ke sayarwa yanzu amma miyar ba ta canza ba.

Ni ce ƙanwarki,
Chuntao

Taipei, Juma'a

A-tao,

Na gaishe ki, sannu da aiki. Ina tafe Litinin, ki tare ni a tasha, kuma ki tsaya ta ɓangaren hagu in za ki yi min magana.

Wasiƙarki ta same ni a ofis, ɗalibai biyu suna zaune a gabana. Ina karantawa na zo wurin tarin. Ni da na daina jin ƙararrawar ƙofata, na ji shi sarai. Sai ganin yaran na yi sun zuba min ido, ɗaya ta ce, "Farfesa, lafiya kika tashi tsaye?"

Yayarki,
Bilian